Babi na Shida: Yadda Ake Rage Hayaniyar Waya

Iyayena da 'yan'uwana, wannan babi na masu babbar waya ne mai WhatsApp. Wanda wayarsa ƙarama ce mai madannai ya matsa kusa da maƙwabcinsa su duba tare.

Da yawanku kun kawo mini kukan cewa waya ba ta barinku ku huta. Guruf ɗin dangi, na unguwa, na adashi, na 'yan kasuwar Kwari ko Singa, har da na bikin da aka gama tun bara, kowanne yana ƙara. A turo bidiyon hatsarin mota, a turo hoton gawa, a turo saƙon murya wai an kai hari. Mutum ya kwanta gabansa yana faɗuwa, barci ya ƙi zuwa, da safe ya tashi da ciwon kai yana yi wa yara tsawa. Zuciya ma tana gajiya kamar yadda ƙafa take gajiya, kuma akwai abin da za ku iya yi da hannunku.

Darasi na Ɗaya: Sa guruf ya yi shiru

Ku ɗauki wayar a hannun hagu. Ku goge yatsanku na dama, domin yatsa mai maiƙo ko ruwa waya ba ta jinsa sosai. Ku buɗe WhatsApp, wato koren nan mai hoton kan tarho. Za ku ga sunaye a jere daga sama zuwa ƙasa. Ku nemi guruf ɗin da ya fi damunku. Idan karanta sunan ya yi wuya, ku duba hoton da ke gefensa, ko koren ɗigo mai lamba, wanda yake nuna yawan saƙon da ba ku buɗe ba.

Yanzu ga wurin da kusan kowa yake tuntuɓe. Ku ɗora yatsa a kan sunan guruf ɗin, ku danna, ku riƙe. Kada ku ɗaga. Ku ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku. Za ku ga layin ya sauya launi, wata alama ta fito a jikin hoton. To, sai a sannan za ku ɗaga yatsa.

Idan kun ga guruf ɗin ya buɗe, saƙonni sun cika fuskar wayar, kun yi saurin ɗagawa ne. Ba ku lalata komai ba. Ku taɓa kibiyar da ke sama ta hagu, za ta mayar da ku baya. Ku sake: danna, riƙe, ɗaya, biyu, uku.

Idan kuma sunayen suna gudu sama ko ƙasa, yatsan ne yake zamewa. Ku ajiye wayar a kan cinya ko benci, ku ɗora yatsan wuri ɗaya, kada ya motsa. Da tsokar yatsa ake dannawa, ba da farce ba. Hajiya, ba sai kin sa ƙarfi ba, riƙewar ake so. Baba, kai ma haka. Danna, riƙe, ɗaya, biyu, uku.

Da layin ya sauya launi, ku kalli can sama. Ƙananan hotuna za su fito. Ku nemi ƙararrawa ko lasifika da aka ja wa layi, ku taɓa shi sau ɗaya. Wani lokaci akwai hoton kwandon shara a kusa da shi. Wannan na gogewa ne, ku bar shi. Wayar za ta kawo zaɓi uku: na sama awa 8, na tsakiya mako 1, na ƙasa har kullum, an rubuta Always. Ku taɓa na ƙasa, sannan ku taɓa OK. Shi ke nan.

Na san abin da yake ran wasunku: kada dangi su ce an yi musu wulaƙanci. Ku kwantar da hankali. Ba ku fita daga guruf ɗin ba, babu wanda za a sanar, saƙonnin kuma suna nan har lokacin da kuka ga dama.

Yanzu kowa ya zaɓi wani guruf ya maimaita. Danna, riƙe, ɗaya, biyu, uku, sannan ƙararrawa. Madalla da wanda ya samu. Wanda bai samu ba ya sake, babu kunya a ciki. Amma don Allah a daina miƙa wa jika waya ana cewa "yi mini". Haba jama'a! Mutumin da ya yi haƙuri ya koyi rubuta sunansa bayan ya manyanta, riƙe yatsa ne zai gagare shi? Ranar da yaron ba ya gida fa? Ku karɓi wayarku ku yi da kanku.

Darasi na Biyu: Kafin ku tura

Ku duba saman saƙon da aka turo muku. Kibiya ɗaya tana nufin ba mai turowar ne ya rubuta shi ba. Kibiya biyu tana nufin ya yi yawo hannu da hannu sau da yawa. Irin wannan ku tsaya tukuna.

Kun tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha? Ƙarya ce, kuma an rasa rayuka a ƙasar nan saboda ita. Masu turawar ƙauna ce ta sa su. Allah Ya umarce mu da bincika labari a Suratul Hujurati, aya ta 6. Ku jira ku ji ko Rediyon Kano, Freedom ko BBC Hausa sun faɗa. Hoton gawa kuwa, ko gaskiya ne, ba a turawa. Ɗan wani ne, kuma ba ku san halin wanda zai buɗe ba. Na sha faɗa, har yanzu ana yi.

Darasi na Uku: Dare

Bayan sallar isha'i ku kashe data. Kiran layi, ba na WhatsApp ba, zai shigo ko babu data, saboda haka mai larura zai same ku. Ku ajiye wayar nesa da shimfiɗa. Da asuba a fara da sallah da karin kumallo, sannan waya.

Darasi na Huɗu: Idan abin ya ƙi

Idan rashin barci, faɗuwar gaba ko baƙin ciki sun wuce mako 2, ku faɗa wa wanda kuka amince da shi, ku je asibiti. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Wanda yake tunanin cutar da kansa a kai shi a ranar.

Aikin gida: a sa guruf 3 su yi shiru. A zo da waya da caji.