Mai dashen kunne a ƙofar ɗakin MRI: inda aka fi yin kuskure

Ɗan ƙanwata sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana ɗan shekara uku, daga baya aka dasa masa na'urar ji a ƙasar waje. Bara ya faɗo daga babur a Mabera, likita ya rubuta a yi masa hoton MRI na gadon baya. Ma'aikacin ɗakin hoton ya tambaya ko akwai ƙarfe a jikin yaron. Uwar ta zare abin da ke maƙale a bayan kunnensa, ta jefa cikin jaka, ta juyo ta ce min, "Yaya, ai shi ke nan, na cire."

Rabin na'urar kawai ta cire. Na'urar kashi biyu ce. Akwai na waje mai batir, wanda ake cirewa in za a kwanta barci. Akwai kuma na ciki da likita ya binne ƙarƙashin fatar kai, da siririyar waya da ta shige katantanwar kunne, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan maganaɗisu. Shi ne ke riƙe na wajen ya manne a kai. Injin MRI kuwa shi kansa ƙaton maganaɗisu ne. Mai ƙarfin Tesla 1.5 (Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) ya ninka maganaɗisun doron ƙasa wajen sau 30,000, kuma janshi ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta. In ƙaramin ya shiga hurumin babban, zai yi ta ƙoƙarin juyawa ya fuskance shi. Daga nan ake samun zafi mai tsanani, ko maganaɗisun ya fice daga gurbinsa, ko ya kife, ko ƙarfinsa ya ragu har na wajen ya daina mannewa. Don haka amsar tambayar ma'aikacin ita ce: e, akwai dashe a kansa. A faɗa tun ranar da likita ya ɗauki biro zai rubuta hoton, ba sai an je bakin ƙofa ba.

Ƙanwar tawa ta sake kawo wata hujja, wai ai baya za a ɗauka, ba kai ba. Ko gwiwa za a ɗauka, kan ma yana cikin ɗakin, kuma jan yana kai masa.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne katin. Duk wanda aka yi wa dashe ana ba shi kati mai sunan kamfani da samfurin na'urar. Namu yana can ƙasan adaka cikin takardun biza. Ba tare da shi ba, ma'aikaci mai hankali ba zai taɓa yaron ba, kuma da gaskiyarsa, domin samfuran ba ɗaya ba ne ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Kamfanin MED-EL na Ostiriya ya fito da samfurin Synchrony a 2014, mai maganaɗisun da ke juyawa cikin gidansa ya bi jan injin maimakon ya yi kokawa da shi. Advanced Bionics na Amurka da Cochlear na Ostireliya su ma sun fito da nasu irin daga baya. Waɗannan suna iya shiga har Tesla 3 bisa sharuɗɗan kamfani. Na da can kuwa, wasu sai an naɗe kai tamau a Tesla 1.5, wasu sai an yi ƙaramar tiyata an ciro maganaɗisun, wasu ma ba a yarda su shiga ba sam. Jin cewa "ɗan wane ya shiga lafiya" ba hujja ba ce. A ɗauki hoton katin a waya, a kuma tambayi ƙarfin injin da za a shiga.

Naɗin kan nan ma ba irin naɗin rawani ba ne. Bandeji ne mai matsewa da ɗan abu mai tauri da ake ɗorawa daidai kan maganaɗisun, kuma wanda ya san ƙa'idar kamfanin ne zai yi shi. Yaro kuma da an cire masa na waje ya koma ba ya ji, to a yi yarjejeniya da shi kafin a cire: in ka ji zafi, matsa wannan ƙwallon na kiran ma'aikaci. In an sa shi barci, babu mai faɗin zafin, sai a ninka lura.

Akwai masu tsorata su gudu daga kowane irin hoto. Hoton ƙashi, da CT, da sikanin ciki ba sa jan maganaɗisu, sau da yawa ma likita zai iya samun abin da yake nema ta nan. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa wa iyalai ba: ko an shiga MRI lafiya, maganaɗisun yana jefa baƙar inuwa a hoton ƙwaƙwalwa ta gefen da aka yi dashen. Wanda aka san zai riƙa buƙatar hoton kai akai-akai, ya tayar da maganar tun kafin a zaɓi samfur da gurbin dasawa.

Bayan an fito, a mayar da na wajen nan take. In ya ƙi mannewa, ko yana turewa, ko wurin ya yi tudu yana ciwo, kada a danna da yatsa, kada a ce bari a ga gobe. A kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, hoton ƙashi zai nuna ko maganaɗisun ya goce.

Mu dai kwana biyu muka yi kafin katin ya fito, likitan ya duba samfurin ya ce CT ma ya wadatar. Yanzu katin yana cikin jakar uwar, a aljihu ɗaya da katin ATM.