Yadda na raba wayata da kiran talla

Tumatir nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ina tsaka da ciniki waya ta yi ƙara, in ɗauka da saurina ina zaton direbanmu ne daga Kano, ashe talla ce. Saƙonni kuwa ba a magana.

Ƙanena na Agege ya ce, "Yaya, tura STOP zuwa 2442." Tsarin NCC ne, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya. Na tura daga layukana biyu, kowanne daban. Tallan ya ɗauke, sai guda ɗaya mai naci. Na kai kuka kamfanin layin, shiru, sannan na kira 622, lambar ƙorafi ta NCC, kyauta.

'Yan damfara masu neman BVN, lambar shaidarka ta banki, dai ko a jikinsu. Su ɗaya-ɗaya nake toshe lambobinsu a wayar.