Yadda za ku koya wa yaro karatun boko a gida cikin minti 15 a kullum

'Yata tana aji uku na firamare na gane ba ta iya karatu ba. Ta buɗe littafinta tana zubo shafi guda tiryan-tiryan, ina ta murna. Da na sa yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafin na ce, "Mamana, wannan fa?" sai ta yi shiru tana kallon hoton da ke gefe. Ashe hadda ce ta kwaso daga bakin 'yan ajinsu. Irinta suna da yawa: a 2022 Bankin Duniya da UNICEF da wasu hukumomi sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kusan yara 70 cikin 100 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Ga hanyar da muka bi a gidanmu.

Da farko ku gano inda yaron ya tsaya, ku manta da ajin da yake. Ku samu takarda ku rubuta haruffa goma a warwatse, ƙarƙashinsu kalmomi biyar kamar gida, kaza, tuwo, sannan jimla biyu, sannan ɗan labari mai layi biyar wanda bai taɓa gani ba. Ku ba shi ya karanta. Inda ya cije, nan ne mafarinku. Irin wannan gwajin ne ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarin koyarwarta a kai, inda ake raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu. Idan ɗan aji biyar ya tsaya a haruffa, kada ku nuna masa ɓacin rai a fuska. Yana kallonku.

Na biyu, ku tsayar da lokaci guda. Yawancin yaranmu da safe boko, da yamma Islamiyya, don haka mu tsakanin Magariba da Isha muka zaɓa, a kan tabarma, da fitilar caji idan an ɗauke wuta. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. A ajiye waya, kuma kada a aiki yaron ko a tashi yarinya wanke-wanke a wannan ɗan lokacin.

Na uku, kuma nan ne gundarin aikin: ku fara da Hausa. Na san iyaye da yawa Turanci suke ɗokin ji a bakin 'ya'yansu, amma yaron da ya haɗa haruffa ya ji "tuwo" ta fito daga bakinsa nan take zai gane ya yi daidai, domin ya san tuwo. Rubutun Hausa kuma yana bin furuci, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya kan yi sauti iri-iri. In ya ƙware a nan, dabarar haɗa baƙi tana tare da shi idan ya shiga Turanci.

Tsarin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa kafin farfaru, to haka nan ma: wasula biyar, a, e, i, o, u, sai baƙaƙe biyu ko uku a mako. Ku koya masa sautin harafi, ba sunansa na Turanci ba. Daga nan sai gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Ku yayyanka kwalin sukari ku rubuta gaɓa ɗaya a kowane yanki, ku baza a tabarma ya riƙa haɗawa da hannunsa. "Ka" da "za" su ba shi kaza, ya cire "za" ya sa "ra" ya samu kara. Ranar da 'yata ta haɗa "ba" da "ba" ta ɗago kai ta ce, "Baba, sunanka ne!" daga ranar ita take tuna mini lokaci ya yi. In babu takarda, tsinke da ƙasar tsakar gida sun isa, ko gawayi a jikin bango.

Ku daɗe a kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ. Ku rubuta masa baki da baƙi, kafa da ƙafa, ya faɗa ya ji bambancin da kunnensa. Su sh, ts, ky da gw kuwa a bar su zuwa ƙarshe.

Na huɗu, ya karanta muku a bayyane, ku yi tambaya. In ya yi tuntuɓe a kalma, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku taimaka, kuma ku nuna masa gaɓar farko kawai. Da ya gama: wa ya zo? Me ya sa ta gudu? Kai da me za ka yi? Uwar da ba ta yi boko ba tana da babban rabo a nan. Ta ce, "Zo ka karanta mini ina tankaɗe," kunnenta zai gaya mata in maganar ba ta yi ma'ana ba. Ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, gobe shi ya maimaita mata da bakinsa, jibi ya rubuta layi biyu daga ciki.

Bulala da kalmar "daƙiƙi" kuwa, don Allah a ajiye su. Yaron da ke jiran mari hankalinsa na kan hannunku, ba ya kan harafi. Idan kun ga yana kai littafi dab da fuska, ko sai an maimaita masa magana sau biyu, ku kai shi a duba ido da kunne kafin a ce ba ya ja.

Bayan wata guda ku sake yin gwajin farko da sababbin kalmomi. Ku ɗauki takardun biyu ku je wurin malamin ajinsa, ku gaisa, ku nuna masa, ku ce, "Malam, nan ya tsaya, me za mu riƙa yi da shi a gida wannan zangon?"