Darasi na 7: Yadda Ake Sa Jitar Lantarki Ta Yi Kukan Mintsini

Mai sauraren kiɗan rok ya san wata siririyar ƙara mai kama da fito, wadda ke tsinkowa daga jita a tsakiyar kiɗa. Ita ake kira kukan mintsini, ko hamonik na mintsini. Ba wata na'ura ce ke fitar da ita ba, aikin babban yatsa ne. Roy Buchanan, wani makaɗi ɗan Amurka, yana cikin waɗanda suka fara fito da ita a faifai, tun a 1962. Daga baya Billy Gibbons na ƙungiyar ZZ Top ya yi suna da ita. Shi kuwa Zakk Wylde, wanda ya yi wa mawaƙi Ozzy Osbourne kiɗa, har ta zame masa tambari.

Ka tanadi jitarka, da amfilifaya, da 'yar robar kaɗi mai tauri, da rula. Ka kuma riƙe sunaye uku. Gaɓa ita ce kowane ƙarfe da aka gicciya a wuyan jita. Jaki shi ne ƙarfen da tsirkiyoyi suka hau a jikin jita. Maɗauki kuwa shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, mai ɗaukar sauti ya kai wa amfilifaya.

Daga ina kukan yake fitowa?

Idan ka kaɗa tsirkiya, ba sauti ɗaya take bayarwa ba. Tana karkarwa da dukan tsawonta. A lokaci guda kuma tana karkarwa a rabe: gida biyu, gida uku, gida huɗu, har sama. Kowane rabo da nasa sautin. Na dukan tsawon ya fi kauri da ƙarfi, shi ya sa ya danne sauran.

A tsakanin gida da gida akwai ɗan wurin da wannan rabon ba ya motsa shi. Mu kira shi matsaya. In ka taɓa tsirkiya daidai kan matsaya, babban sautin zai mutu, siririn ya tsira shi kaɗai.

Gwada da kanka. Ɗora yatsan hagu a kan tsirkiya ta 5 in an ƙirga daga mafi siranta, wato A, daidai saman gaɓa ta 12. Kada ka danna, taɓawa kawai. Kaɗa, ka ɗage yatsan. Za ka ji sauti garau kamar na ƙararrawa. Ita wannan tsirkiya, in an sake ta, tana karkarwa sau 110 a daƙiƙa ɗaya. A gaɓa ta 12 ka raba ta biyu, ta koma 220. A gaɓa ta 7 ka raba ta uku, 330 ke nan. A ta 5 kuma gida huɗu, 440.

To kukan mintsini wannan abu ne dai. Bambancin kawai, hannun hagu yana can yana danna gaɓa, don haka taɓawar ta zama aikin hannun dama. Hannu ɗaya zai kaɗa, ya kuma taɓa.

Saita kaya

Mai da makunnin maɗaukai zuwa wanda ke kusa da jaki, domin ya fi kama siraran sauti. Buɗe Volume da Tone na jikin jita, wato makunnin ƙara da na kaifin sauti, har ƙarshe. A amfilifaya ka ƙara Gain, wato makunnin da ke sa sauti ya yi kaushi, amma ka sassauta ƙarar amfilifayar. Wannan kuka yana da kaifi, kunne kuwa in ya lalace ba a sayen wani. Tsofaffin tsirkiyoyi masu tsatsa ba sa ba da shi da kyau, a sauya su.

Riƙon roba

Riƙe robar tsakanin babban yatsa da manuni, ka tura ta ciki har sai bakinta kaɗan ne ya leƙo, kamar milimita 2 ko 3. Dubi hannunka ta gefe. Naman gefen babban yatsa, wajen farce, ya zama yana dab da bakin robar. Ƙaramar roba mai tsini irin Jazz III ta kamfanin Dunlop tana sauƙaƙa wannan riƙo, amma kowace mai tauri za ta yi. Mai laushi lanƙwashewa take yi, ta ɓata maka lissafi.

Yanzu danna tsirkiya ta 3, wato G, a gaɓa ta 5. Kaɗa ƙasa, ka ɗan murɗa wuyan hannu yadda da robar ta saki tsirkiya, gefen yatsan zai shafe ta ya wuce. Motsi ɗaya ne, ba biyu ba. In yatsan ya daɗe a kai, za ka ji "tuf", sauti ya mutu. In bai taɓa ba sam, sautin da ka saba ji ne zai fito. Abin da ake nema yana tsakaninsu.

Neman wurin

A nan yawancin masu koyo suke sarewa. Mutum zai yi ta sauya riƙo, yana ƙara ƙarfi, har yatsa ya yi ja, alhali riƙonsa ba shi da laifi. Wurin da yake kaɗawa ne babu matsaya. Ƙarfi ba ya gyara wannan.

Ɗauko rula. A jita irin Stratocaster, tsawon tsirkiya daga saman wuya zuwa jaki inci 25 da rabi ne, wajen santimita 65. Da ka danna gaɓa ta 5, abin da ya rage yana karkarwa santimita 48 da rabi ne. Raba shi uku, za ka samu matsaya a santimita 16 daga jaki. Raba huɗu, akwai wata a 12. Raba biyar, ga wata dab da 10. Kowace da irin kukanta, kuma a cikin ukun nan, duk yadda ka matso jaki, haka kukan ke ƙara sirancewa.

Koma gaɓa ta 7. Tsirkiya ta gajarce zuwa santimita 43, matsayun duk sun tashi: ta 16 ta dawo kusan 14 da rabi, ta 12 ta dawo kusan 11. Shi ya sa abin yake fita a wata gaɓa, ka matsa gaba kaɗan ya ƙi. Jita irin Les Paul ta ɗan fi gajarta, inci 24 da kwata uku, sai ka auna taka.

Ba wanda ke kiɗa da rula a hannu, ba shakka. Awon na yau ne kawai, don ido ya gani. Daga nan hannu zai riƙa gane wurin da alama, misali bakin maɗauki na tsakiya, ko wata ƙusa da ke jikin jitar.

Da kukan ya fito, kada ka bar shi tsaye. Girgiza tsirkiyar da yatsan hagu, ko ka tura ta sama. Hakan ke sa shi ya daɗe, ya yi rai.

Aikin gida

Danna G a gaɓa ta 5. Fara mintsini daga inda wuyan jita ya haɗu da jikinta, kana matsowa jaki kaɗan-kaɗan, kaɗi ɗaya a kowane mataki. Duk inda ta yi kuka, auna da rula ka rubuta a littafinka. Maimaita a gaɓa ta 7 da ta 9. Minti goma a rana ya isa. Tsirkiya ta 6 mai kauri ka bar ta tukuna, sai G da D, wato ta 3 da ta 4, sun zauna a hannunka.

Sannan ka amsa waɗannan a rubuce:

1. Me ke faruwa da babban sauti idan aka taɓa matsaya?
2. In an danna gaɓa ta 12, tsirkiya ta rage santimita 32. Ina rabinta yake daga jaki?
3. Ka kaɗa ka ji "tuf". Me za ka gyara?