Babi na Shida: Auna Ƙarfin Kwararar Wuta a Allo Mai Layi Biyu

Darasi na 1: Layin +15

'Yan'uwa, kowa ya ajiye allon amfilifayarsa a gabansa. Wutar gida a nan Kumasi bolt 230 ce. Taransifoma ce ke rage ta, a gyara ta, ta fito ta waya uku: +15, da ta tsakiya wato sifili, da −15. Kan 7815 layin +15 yake fitowa, na −15 kuwa kan 7915, wato 'yan na'urorin da ke daidaita bolt ɗin.

Zare filogi daga bango. Jira kafasitocin nan masu ƙiba su sauke wutar da suka riƙe, ka auna ka tabbatar. Baƙar wayar mitar auna wuta ta shiga ramin da aka rubuta COM, ja ta shiga ramin 10A. Juya maɓalli zuwa A mai miƙaƙƙen layi a samansa.

To, a nan ake tuntuɓe. Ba a ɗora mita a kan waya biyu yadda muka yi wajen auna bolt. Sai an cire wayar +15 daga allo, mita ta shiga gurbin, kamar mitar ruwa da aka yanka bututu aka ɗaura. Ja a bakin wayar da ka cire, baƙa a wurin da ka cire ta. Ka ga wuta ba ta da hanya sai ta cikin mita. Kada ka ji kunya, Malam, hannun da ya saba da auna bolt shi ke saurin komawa can. Sake dubawa: ka cire wayar? Mita tana tsakiya? Sai ka kunna. Kada ka kunna alhali layi ɗaya a yanke yake, allon yana iya lalacewa.

Ina maimaitawa domin na ga abin da ke faruwa. Wani ya sa ja a 10A, ya taɓa +15 da sifili kai tsaye, tartsatsi ya tashi, fis ɗin cikin mita ya ƙone. Haba! Mitocin aji ba daga sama suke faɗowa ba, kuɗi aka kai kasuwar Kejetia. A cire waya, a sa mita a gurbin. Wanda bai cire ba, kada ya kira ni.

Idan fuskar mita ta nuna 0.12, amfiya 0.12 ke nan, wato miliamfiya 120. Rubuta a littafinka.

Darasi na 2: Layin −15

Kashe, mayar da wayar farko, ka cire ta −15. Haɗi iri ɗaya ne. Alamar ragi za ta fito gaban lambar, ba lalacewa ba ce, wutar ce ke bin ɗaya gefen. Lambobin biyu ba dole su zo daidai ba. Bambancinsu ne ke bi ta wayar tsakiya.

Darasi na 3: Bayan an gama

Mayar da jar waya ramin V kafin ka rufe mita. A gwada a gida, a kawo lambobin ranar Asabar.