Darasi na Bakwai: Yoyon Iskar Esin Mota da Abin da Gyaransa Ke Ci

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, za ka tarar da motoci sun yi jerin gwano a ƙofar masu gyaran esi, kowane direba da kuka ɗaya, wato sanyi ya ɗauke, a ƙara masa gas. Abin da ya kamata mai mota ya fara sani shi ne iskar esi ba kamar fetur take ba, ba ƙonewa take yi ba. Zagayawa take yi a cikin rufaffiyar hanya, daga kwamfaresa (famfon da ke matsa ta) zuwa kwandensa (inda take sakin zafinta) da ke gaban lagireto, sannan ta shiga ebaforeta (inda sanyin ke fitowa) da ke ɓoye a bayan dashbod, ta sake komowa. Saboda haka idan an cika ta a bara, bana kuma babu ita, to akwai inda take tsiyaya.

Yoyo mafi sauƙi shi ne na ƙananan zoben roba da ke mahaɗar bututu, waɗanda zafin inji ke busar da su har su tsage. Kwandensa kuwa, da yake a gaba take, ita ce ke shan tsakuwar hanya da girgizar ramuka. Akwai kuma yoyon da mu da kanmu muke jawowa: da hunturu ya shigo sai a kashe esi wata uku cur, man da ke tafiya tare da iskar ya daina isa robar bakin kwamfaresa, ita kuma ta bushe. Kunna esi na minti goma a kowane mako, ko da ana sanyi, yana rage wannan matsala.

Mai gyara na ƙwarai ba ya fara ɗauko tukunyar gas. Zai duba mahaɗai yana neman wurin da ya yi maiƙo, ƙura ta manne masa ta yi baƙi, domin inda iska ta fita mai yakan biyo ta. Daga nan zai matsa iskar naitirojin a cikin bututun, ya shafa ruwan sabulu, inda kumfa ta taso nan ƙofar take. Wasu kan zuba wani rini a ciki, wanda ke ƙyalli idan aka haska shi da fitila ta musamman. Ruwan da kake gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota kuwa raɓa ce kawai, kada ya tayar maka da hankali.

Kuɗin gyara ya danganta da wurin da yoyon yake fiye da girmansa. Zoben roba ba shi da tsada, amma kafin a canza shi sai an fitar da iskar, a zuƙe danshi da injin zuƙa, sannan a sake cikawa, don haka gas da ladan aiki su ne ke cin kuɗin. Ebaforeta ita ce mai cin rai, domin a yawancin motoci sai an kwance dashbod gaba ɗaya, aikin da kan cinye yini guda. Kwamfaresa kuma ta fi kowane ɓangare tsada, kuma ita ce ke lalacewa idan aka yi ta tafiya da ƙarancin iska, tunda mai ba ya komo mata. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ana samun sabo da na hannu, farashin duka yana bin dala. A ganina, ebaforeta ta hannu asara ce, domin idan ta sake tsiyaya za ka biya kuɗin kwance dashbod sau biyu.

Irin iskar ma yana da tasiri. Tsofaffin motoci sun yi amfani da R-12, wadda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarta ga sararin samaniya. Yawancin motocin da ke kan titunanmu R-134a suke sha, sababbi da dama kuma R-1234yf, wadda ta ninka ta tsada. Kada ka yarda a gauraya su, kada kuma ka bari a zuba maka iskar girki don araha, domin tana kama wuta.

Aikin gida: buɗe bonet ɗin wata mota, ka nemi takardar da aka manna a ciki, ka kwafo sunan iskar da yawan giram ɗin da aka rubuta. Ka zo da su aji mu karanta tare.