Kurakuran da ke cinye kasafin kuɗin ƙaramin gari, da yadda ake toshe su

Duk lokacin da aka rantsar da sabuwar majalisa a ƙaramin gari, ko aka ɗauki sabon ma'aji, ana iya lissafa kurakuran da za su yi a shekarar farko tun kafin su zauna a kujera, domin su ne dai waɗanda na gabansu suka yi. Maganar nan ta shafi garin da ma'aikatansa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: shugaba, 'yan majalisa kaɗan, sakatare, ma'aji, masu karɓar haraji, da mai kula da ruwa da hanyoyi. Kowace ƙasa da tata dokar, kuma ita ce gaba, amma ramukan da ake faɗawa iri ɗaya ne.

Na farko, wanda kusan duk sauran daga cikinsa suke fitowa, shi ne a fara rubuta kasafi daga ɓangaren kashewa. Kowa ya zo da buƙatarsa, wannan kwalbati, wancan rufin aji, shugaba kuma sabuwar mota. A haɗa jimla, sannan a waiwayi ma'aji a ce ya nemo kuɗin shigar da zai yi daidai da ita. Shi kuma ya ɗaga alƙalami ya ƙara kashi 25 cikin 100 a kan harajin bara, ya rubuta “za a ƙara ƙaimi wajen karɓa” a gefe. Takarda ta daidaita, majalisa ta amince, kowa ya tafi gida da murna. Wata na bakwai yana kamawa sai albashi ya fara makara.

Gyaran yana da sauƙi, mutane ne ba sa son jin sa. A ɗauko takardun banki na shekara uku da suka wuce, a fitar da abin da ya shiga asusu da gaske daga kowace hanya, ita kaɗai: harajin gidaje da filaye, kuɗin rumfunan kasuwa, kuɗin ruwa, lasisi, kason gwamnatin sama. A lura, abin da aka rubuta wa mutane su biya daban, abin da suka biya daban. A ɗauka misali an raba takardun haraji na miliyan 100 kowace shekara, aka karɓi 68, sai 74, sai 71. Kuɗin shigar garin 71 ne. Miliyan 100 ɗin nan buri ne, kuma ba a biyan albashi da buri. Ni dai na fi son a ɗauki mafi ƙanƙantar ukun, wato 68, musamman a garin da yawancin masu biya manoma ne, inda damina ɗaya mara kyau take iya rage karɓa sosai. Akwai masu cewa wannan tsoro ne ya yi yawa. To, in rara ta fito a ƙarshen shekara babu wanda zai yi kuka.

Tallafin da aka yi alkawarinsa da baki kuwa, kada ya shiga kasafi sam. Sai an ga wasiƙa mai ɗauke da adadi, da sharuɗɗa, da lokacin biya. Kafin nan a ajiye aikin da ya dogara da shi a wata takarda daban, kuma kada a kira ɗan kwangila.

Ko lissafin shekara ya yi daidai, akwai sauran aiki, saboda kuɗi ba sa shigowa kashi goma sha biyu daidai wa daida. A ƙaramin gari na karkara haraji yakan taru ne bayan an girbe amfani, kason gwamnati yakan makara, albashi da mai da wutar lantarki kuma ba su san da wannan ba, kowane wata sai sun zo. A ja layi goma sha biyu a takarda, kowane wata da gidansa. A sama abin da ake sa ran zai shigo a watan, a ƙasa abin da dole ya fita, a ƙarshe abin da zai rage a banki, wanda shi ne zai buɗe wata na gaba. Duk watan da ƙarshensa ya nuna giɓi, an gan shi tun da sauran lokaci, sai a matsar da sayayyar da za ta iya jira zuwa watan da aljihu ya yi nauyi. Aikin awa biyu ne, amma da wuya ka shiga ofishin ƙaramin gari ka tarar da wannan takarda a bango.

Kuskure na biyu shi ne ya fi ba da haushi, domin masu yin sa suna ganin alheri suke yi. Kuɗi sun faɗo sau ɗaya: an sayar da fili, ko wata hukuma ta ba da tallafi, ko wani tsohon bashi ya fito. Sai majalisa ta ɗauki sababbin ma'aikata uku, ta ƙara alawus. Filin an sayar da shi sau ɗaya, albashin kuwa kowane wata ne, har da fansho a bayansa. Shekara mai zuwa daga ina? Ƙa'idar ba ta da kwana: kuɗin da suka zo sau ɗaya su tafi ga abin da ake biya sau ɗaya, ko su shiga ajiya. Abin da ake biya kullum kuma sai da kuɗin da ke shigowa kullum.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne gina abu ba tare da lissafin riƙe shi ba. Ku je ku duba bayan ofishin kusan kowane ƙaramin gari. Ga tarakta a zaune kan bulo, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyinta, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Tambayi abin da ya same ta, a ce maka famfon mai ne ya lalace shekara biyu da suka wuce, kuma “babu gurbinsa a kasafi”. Abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin sayenta ba ya kashe ta gaba ɗaya. Ranar da aka kawo ta an yi taro, an yanka zare, an ɗauki hoto. Babu wanda ya tambayi nawa ne man juye da abin tace mai da taya a shekara, da wa zai tuƙa ta, da inda za a samo kayan gyara. Wannan sakaci ne, ko da wane suna aka kira shi, kuma 'yan majalisar da suka ɗaga hannu suka amince su ma nasu ne.

Kafin a amince da kowane sabon gini ko inji, a nemi lambobi uku a rubuce: kuɗin sayensa, kuɗin tafiyar da shi a shekara, da shekarun da zai yi kafin a canza shi. A raba na farko da na uku. Injin tura ruwan da ake sa ran zai yi shekara 10, a riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa kowace shekara a asusun sauyi, a ƙara kaɗan saboda tsadar kaya ba ta tsayawa wuri ɗaya. In kasafin yau da kullum ba zai ɗauki lamba ta biyu da wannan kason ba, garin bai shirya mallakar abin ba, ko da kyauta aka kawo shi.

Wannan ya kai mu ga asusun ko-ta-kwana, wanda sababbin 'yan majalisa suke kallo a matsayin kuɗin da ke barci. Ƙungiyar jami'an kuɗin gwamnati ta Amurka da Kanada tana ba da shawarar a ajiye aƙalla kuɗin gudanarwar wata biyu. A Ingila, jagorar da ƙananan majalisu suke bi ta ce tsakanin wata 3 zuwa 12, kuma gwargwadon ƙanƙantar majalisa gwargwadon kusantarta da 12. Dalilin a fili yake: babban birni yana iya haɗiye fashewar bututu ɗaya bai ji ba, ƙaramin gari kuwa gada ɗaya da ruwa ya cinye ta isa ta tsayar masa da komai. A rubuta sharuɗɗan taɓa asusun tun ana zaune lafiya, da yadda za a mayar da abin da aka cira.

Sai littafin alkawari. Yawancin ma'ajin da ba su goge ba sai ranar da cek ya fita suke rubuta kashewa. Tsakanin ranar da aka ba da odar kaya da ranar biya ana iya yin wata biyu, kuma a wannan tsakanin gurbin yana nuna kamar cike yake, sai a sake yin wata odar a kansa. Haka ake tara bashin 'yan kwangila ba a sani ba. A rubuta adadin ranar da aka sa hannu kan odar, a cire shi nan take daga abin da ya rage a gurbin. Rahoton da ma'aji zai kai wa majalisa kowane wata ya zama shafi ɗaya mai gida huɗu: abin da aka ware, abin da aka biya, abin da aka yi alkawari, abin da ya rage. In gurbin mai ya cinye kashi 60 a wata na huɗu, kowa ya gani da idonsa.

Yanzu ga maganar da ba a so, maganar amana. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, ma'ajin tare aka yi makaranta da shi, saboda haka shi ke karɓar kuɗi, shi ke kaiwa banki, shi ke rubuta littafi, shi ke buɗe takardar banki in ta zo. Wanda ya ce a duba sai a ce yana zargin mutumin kirki. A garin Dixon da ke jihar Illinois ta Amurka, mai mutane kusan 16,000, ma'ajiyar garin, Rita Crundwell, ta buɗe wani asusu a ƙarshen 1990 da suna mai kama da na gari, ta riƙa tura kuɗi cikinsa da takardun biya na bogi. Kafin a kama ta a 2012 ta kwashe dala miliyan 53 da ɗoriya, yawanci ta zuba a kiwon dawaki, alhali titunan garin suna lalacewa ana cewa babu kuɗi. Masu binciken kuɗi na waje suna zuwa kowace shekara, ba su gano ba. Abin da ya tona asirin ƙarami ne: ta tafi dogon hutu a 2011, sakatariyar gari ta nemi banki ya turo takardun dukkan asusun da ke ɗauke da sunan garin, sai ga wanda babu wanda ya san da shi. A 2013 aka yanke mata shekara 19 da wata 7.

Garin da ma'aikatan ofishinsa biyu ne ma yana iya raba aikin. Mai karɓar kuɗi kada ya zama mai rubuta littafi. Takardar banki ta fara zuwa hannun wani ɗan majalisa da ba ya cikin masu sa hannu a cek, ya buɗe ta, ya gwada ta da littafin kuɗi layi-layi kowane wata, ya sa hannu da kwanan wata. Sau ɗaya a shekara majalisa ta rubuta wa banki da kanta ta nemi jerin duk asusun da ke da sunan garin. Ma'aji ya tafi hutu na aƙalla mako biyu a jere, wani ya riƙe aikin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ma'aji mai gaskiya shi ya fi kowa amfana, domin ranar da aka fara tsegumi takarda ce za ta wanke shi. Sa hannun mutum biyu a cek kuma ba shi da amfani in shugaba ya saba sa hannu a fararen cek guda goma saboda zai yi tafiya. Wanda ya yi haka ya mayar da biyu ɗaya. In ta intanet ake biya, mai shigar da biyan daban, mai amincewa daban, kuma kada su san lambar sirrin juna.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Littattafan rasit su kasance masu lamba a jere, a rubuta wanda ya karɓi kowanne, kada a ba shi sabo sai ya dawo da tsohon. Abin da aka karɓa a kai banki gaba ɗayansa, kada a ciri kuɗin mai daga ciki a ce za a mayar. Kada a kwashe kuɗi daga wannan gurbi zuwa wancan sai majalisa ta amince. Shawarar da ba ta shiga rubutaccen bayanin taro ba, da adadinta da wanda zai aiwatar, kamar ba a yanke ta ba ne. Ɗan majalisar da ƙaninsa ke neman kwangila ya faɗa, ya fita daga ɗakin, a rubuta cewa ya fita. A nemi farashi daga wurare uku, kuma a daina yanka aiki ɗaya gida uku don kowane yanki ya tsaya ƙasa da adadin da doka ta ce sai an tallata. Mai bincike abin da yake fara nema ke nan. Kuɗin haraji da na fansho da aka cire daga albashin ma'aikata ba na gari ba ne, a tura su a watan da aka cire.

Ranar miƙa ragama kuma, tsohuwar majalisa ta bar wa sabuwa takarda mai sa hannun ɓangarorin biyu: abin da ke kowane asusu a ranar, cek ɗin da aka rubuta ba a kai banki ba tukuna, bashin da ake bin gari da wanda gari ke bi, kwangilolin da ba a gama ba, da jerin kadarori har da lambar kowane inji. A makon farko a je banki a cire sunayen tsofaffin masu sa hannu.